Dunƙulen dabino da gyaɗa: in sayi inji ko in tsaya a turmina?

Maman Khalifa, Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wata uku ke nan ina yi wa yarana dunƙulen dabino suna tafiya da shi makaranta, don na gaji da alewar leda da ke cinye musu haƙori. Kofi 2 na dabino in cire ƙwallo, kofi 1 na soyayyar gyaɗa da na murje, ɗan riɗi, garin citta da gishiri kaɗan. In daka a turmi har ya kama jikinsa, in mulmula. Ba sukari, ba ya hawa wuta. Yanzu wata mai shago a Samaru, nan Zariya, ta ce in riƙa kawo mata guda 100 duk mako. Na ɗauki adashi, naira 45,000. In sa kuɗin a bilenda ne, ko in zuba su a kaya in ci gaba da daka? Ba ni da firji, to kwana nawa zai yi a shago bai lalace ba? Sannan surukata tana da ciwon suga, ta ɗanɗana ta ce kullum a ajiye mata uku. Na rasa yadda zan yi da ita.

Ummu Nabila:
Wa alaikumus salam. Ki jefa shi a firji kawai, ni nawa yana kai wata guda. Ki ƙara zuma da madarar gari, sai ya fi gardi.

Inna ta Ƙofar Doka:
'Yata, wannan ai ɗan'uwan dakuwa ne kuka sake wa suna. Tun muna yara a cikin birni muke ganin ana daka aya da gyaɗa a dunƙula, ba wanda ya nemi inji. Turmi shi ke fito da man gyaɗa, man nan ne ke haɗa shi. Ki samu yarinya mai ƙarfi ki riƙa ba ta ladan daka.

Ɗan Kwangila:
Dabino, gyaɗa, citta. Saura aya da kwakwa. Hajiya, kin tabbata na 'yan makaranta ne wannan, ba na maigida ba?

Maman Khalifa, Hanwa:
Malam, na yara ne. Ummu Nabila, na ce ba ni da firji.

Anti Mai Kek, PZ:
45,000 ba za ta saya miki injin da zai iya dabino ba. Bilenda mai jog an yi ta ne don abu mai ruwa, dabino kuma danƙo ne, zai naɗe wuƙar, motar ta yi zafi ta ƙone. Wanda ke yin aikin shi ne mai faffaɗan kwano da wuƙa mai lanƙwasa, ni na sayi nawa 78,000. Ki sayi dabino, satin da ya wuce na auno tiya ɗaya naira 6,500 a kasuwar Sabon Gari.

Maman 'Yan Biyu:
6,500? An kwashe ki, Anti. 4,800 na saya a Tudun Wada ranar Talata.

Anti Mai Kek, PZ:
Wane iri? Busasshen nan na Nijar da sai ka sa guduma, ko mai laushi?

Maman 'Yan Biyu:
Dabino dai dabino ne.

Alhaji Mai Kayan Azumi:
A'a Hajiya, ba ɗaya ba ne. Busasshen da ke zuwa ta Nijar ya fi araha kuma ya fi jure ajiya, amma sai an sha wahalar daka. Mai laushi na kwali, irin na Saudiyya da ake kira Sukari, da hannu ma za ki murje shi, sai dai da kilo ake sayar da shi, ba za ki fita ba in sayarwa za ki yi. Akwai na gida kuma, na wajen Dutse a Jigawa. Shawarata ki saya tun azumi bai matso ba, da an shiga Sha'aban farashi ke tashi. Kuma ki tsaga kowane ɗaya ki duba, busasshen yakan ɓoye ƙwari da ɗan baƙin gari a jikin ƙwallo.

Hajiya Gyallesu:
Ƙanwata, ki tsaya ki ji nawa kafin ki karɓi odar kowa. Bara da bazara, cikin watan Afrilu, wata aminiyata ta shekara 15 za ta aurar da 'yarta, ta ce in yi mata guda 400 a sa cikin jakar rabo. Na karɓi rabin kuɗi. Na sayi busasshen dabino tiya 8. Da na ga daka ba zai yiwu ba, wata ta ce in jiƙa shi ya kwana. Na jiƙa. Da safe na kai injin markaɗe na bakin layi, yaron ya ce ba zai wuce ba sai ya ƙara ruwa, na ce ya ƙara kaɗan. Ya dawo mini kamar kunu mai kauri. Na yi ta zuba garin gyaɗa da kwakwar da na goge ɗanya har ya ɗaure. Ni da yarana huɗu muka kwana mulmulawa, muka ɗaure a leda biyu-biyu, muka jera a kwali. Ranar Laraba ke nan, walima sai Asabar.

Ranar Juma'a da daddare ta kira ni. Ledojin sun kumbura, an buɗe ɗaya tsami ya bugi mutane, wasu har farin gashi sun fara. Wallahi zama na yi a ƙasa. A gaban dangin mijinta ta ce na cuce ta, na sayi ruɓaɓɓen dabino na ci riba. Na sayar da zobena na mayar mata da kuɗinta, ban je bikin ba. Har yau in mun haɗu a gidan suna ko ta'aziyya, gaisuwa ce ta fatar baki. Ba asarar kuɗin ke ci mini rai ba, kalmar cuta ɗin nan ce, daga bakin wadda na yi wa zaman jego sau uku. Ni dai na bar sana'ar abin ci har abada. Ki ba yaranki su ci, ki sa kuɗinki a atamfa.

Ummu Nabila:
Innalillahi. Allah Ya mayar miki da alheri, Hajiya. Amma ita ma aminiyar ba ta kyauta ba, ai sai ta ja ki gefe.

Maman 'Yan Biyu:
To ku sa kanku a matsayinta, saura kwana ɗaya biki, jaka 200 ba abin sawa. Ni ma da zan yi faɗa.

Hajiya Gyallesu:
Faɗa daban, ƙazafi daban. Ban hana ta fushi ba.

Anti Mai Kek, PZ:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma ba sana'ar ce ta cuce ki ba, ruwa ne. Abin da ke hana dabino lalacewa shi ne zaƙinsa ya yi yawa kuma ruwansa kaɗan ne. Da kin jiƙa shi kin buɗe wa tsami ƙofa, ga ɗanyar kwakwa, ga leda, ga zafin Afrilu. Maman Khalifa, in ya yi miki tauri ki turara shi a madambaci minti 10, ki baza a faranti ya sha iska, ki daka da ɗuminsa. Kwakwa kuma sai an busar da ita. Hannu a bushe, ki shafa ɗan man gyaɗa wajen mulmulawa. Nawa da hunturu yana yin mako biyu a roba mai murfi, da damina ba na yarda ya wuce kwana 5. Ki ce wa mai shagon 50 ranar Litinin, 50 ranar Alhamis.

Nas Ɗin Unguwa:
Ba wanda ya taɓa maganar surukar, ita ce ta fi damuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Cewa ba ki zuba sukari ba bai sa ya zama marar sukari ba. Dunƙule ɗaya dabino nawa ke ciki? In uku ne, to tana cin tara a zama ɗaya. Gyaɗar tana rage saurin hawan sugan, amma ba ta soke shi. Ki yi mata ƙanana, ɗaya bayan abinci, a gwada jininta bayan awa 2, a nuna wa likitanta. Kuma masu cewa a sa zuma, ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Gyaɗar ma ki tsince duk mai ɗaci da wadda ta yanƙwane ko ta yi fumfuna, gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta.

Malam na Tukur-Tukur:
Malama, a yi hattara da harshe. Dabino abincin Manzon Allah ne (SAW), hadisi ya zo a kan cin dabinon Ajwa guda bakwai da safe. Mahaifina ya haura 80 yana cin dabino kullum, bai taɓa sanin asibiti ba.

Nas Ɗin Unguwa:
Allah gafarta Malam, ban kushe dabino ba, da shi nake buɗa baki. Mahaifinka yana da ciwon suga? Ita tana da shi. Duk bayan azumi ina ganin waɗanda ake kawowa suga ya hau.

Inna ta Ƙofar Doka:
Ku 'yan boko komai sai kun sa masa awo. Tsohuwa ta ce tana so, suruka ce za ta ƙirga mata loma? Gobe a ce matar ɗa tana yi mata rowa. Ki faɗa wa mijinki, shi ya san yadda zai yi da uwarsa.

Maman Khalifa, Hanwa:
Wannan kam gaskiya ne Inna, bakina ba zai iya ba. Zan sa shi ya yi mata magana. Anti, na gode da dabarar turarawa. To maganar injin fa? In jira in tara, ko akwai na hannu?

Ɗan Kwangila:
Injin da za ki jona a ina? Mu kwana huɗu ke nan wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Turmi dai ba ya jiran a kawo wuta.

Maman 'Yan Biyu:
Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Taransifomarmu ta ƙone tun kafin Babbar Sallah, gida-gida aka bi aka karɓi 5,000, har yau shiru, amma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba.

Ummu Nabila:
Mu 3,000 aka karɓa, sau biyu. Firjin da nake magana ma da ƙanƙarar saye nake riƙe shi yanzu.

Hajiya Gyallesu:
Rashin wutar nan ne ya kai ni injin bakin layi. Kuma ba sa wanke shi, a markaɗa tattasai a zuba naka a kai, ga kuɗin markaɗe ya ninka wai man fetur.

Alhaji Mai Kayan Azumi:
Su waye suka karɓi kuɗin a unguwarku, Maman 'Yan Biyu? Kwamiti ne ko ma'aikata? Don mu da muka matsa a kawo rasit, sai aka fara kame-kame.

Maman 'Yan Biyu:
Kwamiti ne, wai mai unguwa ya sani. Ranar Lahadi bayan la'asar akwai zama a ƙofar masallaci, mata ma mun ce sai mun aika wakili.

Maman Khalifa, Hanwa:
Allah Ya kawo mafita. Don Allah wanda ya san nawa ake sayar da guda ɗaya a shagunan Samaru ya faɗa mini, jibi zan ba matar amsa.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji, rasit ɗin da kuka nema, a rubuce kuka kai ko da baki?