Cakulan da kayan maƙulashe: ina ne iyakarsu?

Uwar 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Yarana suna son cakulan da biskit matuƙa, ni kuma ina fargabar illar sukari. Shin wajibi ne in hana su gaba ɗaya, ko akwai ma'aunin da zan bi?

Malamar Jinya: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Hani gaba ɗaya ba dole ba ne, kuma sau da yawa yana ƙara wa yaro kwaɗayi. A shekarar 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, na yaro kuma bai kai haka ba. Cakulan mai madara kusan rabinsa sukari ne, saboda haka guntu biyu ko uku sun isa, musamman idan an riga an zuba sukari a shayi ko kunu.

Baban Gida: Hajiya, a kula da lokaci ma. Gara yaro ya ci bayan abinci da ya wuni yana tsotsa, domin yawan maimaitawa ne yake lalata haƙora.

Malamar Jinya: Gaskiya ne, Malam. Alkaki da dubulan ma suna cikin lissafin. Gyaɗa, aya da gwaiba sun fi dacewa da kullum.