Ƙanena ya ƙi yin shiru a Facebook, mi zan yi da shi?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema. Ƙanena mushe ne, wato malamin makaranta, na kwantaragi nan Nijar, kullum sai ya hau Facebook yana zancen albashin da ba a biya kan lokaci da tsadar hatsi, jiya har wani ya kira shi da lambar da bai sani ba ya ce ya bi a sannu. Inna tun lokacin ba ta runtsa ba. In hana shi ne ko in ƙyale shi?

Malam Na Gulbi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka zaunar da shi, wallahi abin ya wuce wasa. Moussa Kaka na RFI fa shekara guda ya yi a kaso daga 2007 zuwa 2008 lokacin Tandja, shi da duniya ta san da zamansa. A 2018 'yan ƙungiyoyin farar hula su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika watanni suka yi a tsare kan zanga-zangar dokar kasafin kuɗi, Tchangari kuma an sake kama shi a Disamban 2024. Farar hula ko soja, duk kanwar ja ce. Su suna da lauyoyi da rediyo, ƙaninka wa gare shi?

Maman Nana: Ku maza kaso kawai kuke gani. Mai gidan yayata ko kama shi ba a yi ba, takarda aka miƙo mai an maida shi wani ƙauye can nesa, ruwa ma sai a jarka bisa amalanke. Abokan fada suka watse, wanda kullum yake shan shayi a ƙofar gidansa sai ya gan shi ya sake hanya, kuma ita yayar tawa ita ta ci wuyar da yara biyar har gadonta ta saida.

Tsohon ɗan USN (ƙungiyar ɗaliban Nijar): To Malam in kowa ya yi shiru fa? Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairun 1990 su ma suna da iyaye, kuma bayan jininsu ne aka kai ga taron ƙasa na 1991. Ni dai ba zan ce ka hana shi ba. Ya daina kama suna, ya daina tura abin da bai tabbatar ba don nan dokar intanet take kama mutum, kuma ya yi maganar ta bakin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, kar ya tsaya shi kaɗai.

Ɗan Bagalam: Na gode. Matsalar ko katin sandikar bai yanka ba. Bari in same shi bayan isha, Allah sa ya saurare ni.