Gane Muryar Jitar Bes a Tsoffin Fayafayan Rok na Ingila

Da masu sauraron waƙoƙin ƙungiyoyin Yes da King Crimson suka tattauna kan yadda za a gane muryar jitar bes, wato jitar da ke ba da sauti mai kauri, shawararsu ta farko ita ce a fara da kunne, domin hoton dandali ba ya nuna kayan da aka yi amfani da su a situdiyo.

Sun fi daɗewa kan Chris Squire, mai kaɗa jitar bes na Yes. Ƙarar nan tasa mai kaifi kamar ana kaɗa ƙarfe ta fito ne daga jitar Rickenbacker, da tsirkiyoyin Rotosound, da ɗan makaɗi, sannan yana raba sautin zuwa amfilifaya biyu. Ni wannan rabawar ce ta fi burge ni.

John Wetton na King Crimson kuwa, a 1974, Fender Precision yake bugawa da yatsu, sautinsa na gurnani. Wasu sun ce a kula, Mike Rutherford na Genesis yakan fitar da sautin bes ta hanyar danna feda da ƙafa, don haka ba kowane sautin bes ne na jita ba.