Na zo Injamena aiki: in ɗauko iyali yanzu ko in bari sai baɗi?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a garin nan. Ni tela ne daga Kano, aikin surfani nake yi. Kawuna yana da shago kusa da babbar kasuwa, shi ya kira ni, yau sati bakwai ke nan da zuwana. Aiki dai alhamdu lillahi akwai shi, amma har yanzu a shago nake kwana.

An samo mini ciki da falo a Digel. Mai gidan ya ce sefa 60,000 a wata, kuma sai na ba da na wata shida a dunƙule kafin ƙarshen watan nan, don akwai mai jira. Wannan kuɗin shi ne kusan duk abin da na zo da shi. Maiɗakina ba ta jin komai sai Hausa, niƙabi take sawa, kuma tana fama da gyambon ciki, ba kowane abinci take iya ci ba. Hanifa shekararta 7, tana aji biyu a firamare ta Turanci, an ce mini nan a watan Oktoba ake komawa makaranta. Ƙaninta ko yaye ba a yi masa ba. Abin da nake son sani: kuɗin hayar nan daidai ne? Yarinyar wace makaranta za ta shiga? Kuma mace irin tawa za ta iya zaman nan, ko in bar su a gida sai baɗi?

Abba Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗauko su kawai malam. Namiji ba iyali a garin mutane ai rabin mutum ne. Ni wata biyu na yi na aika aka kawo tawa, ga mu shekara ta huɗu lafiya lau.

Ɗan Damagaram:
Bakano a Chadi! To sannu da zuwa. Kafin ka ɗauko kowa fara koyon lissafin kuɗi, don nan ba a ƙirga da sefa a kasuwa, da riyal ake yi, riyal ɗaya sefa 5, kamar yadda muke cewa dala a Nijar. In an ce maka ishirin, sefa 100 ke nan. In an ce miten, 1,000. Akwai wani yaronku Bakano da ya zauna wurina bara, na aike shi sayen tumatir, matar ta ce masa "miya". Ya ce e, miya za a yi. Ta sake cewa miya, ya ce wallahi miya za a yi, ta kuka ma. Sai da maƙwabciyarta ta gaya masa ɗari take nufi, wato sefa 500. Kanawa dai sai a hankali.

Baban Hanifa:
Ɗan Damagaram ai mun saba da ku, mu muke koya muku ciniki. Amma maganar riyal gaskiya ce, ta ci mini kuɗi a satin farko wurin 'yan kilando, wato 'yan acaɓan nan. Don Allah a taimaka da maganar haya da makaranta.

Goni Ridina:
Ciki da falo a Digel alif goma ya isa. Kada ka ƙara ko riyal.

Abba Mai Waya:
Dubu goma? Baba Goni a wace shekara? Ni ɗaki ɗaya nake biyan 35,000 a Ambasatna, banɗaki ma haɗaka muke da gida huɗu.

Goni Ridina:
Alif goma na riyal na ce, yaro. Sefa 50,000. Shekara huɗu kana garin nan ba ka iya lissafinsa ba, kuma kai ne na farkon ba da shawara.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni kuma na ce 60,000 ma ya yi sauƙi in akwai famfo a cikin gidan da mita ta kansa. Ƙanwata 80,000 take biya a Kilemat. Abin da zan ce maka game da abinci, Baban Hanifa, kada ya dame ka. Esh ɗin da suke faɗa tuwo ne, na gero ko dawa ko masara. Mula miya ce, daraba kuɓewa ce, sharmut busasshen nama ne da ake dakawa a zuba a miya. Kisar kamar sinasir ne amma siriri kamar takarda. Karkanji zoɓo ne. Da safe mappa da shayi, wato burodin nan dogo. Abu ɗaya ne zai ba ta mamaki, kawal. Ganyen tafasa ne ake rufewa ya ruɓa a shanya, warinsa ya fi na daddawa nesa ba kusa ba, amma in ta saba da kanta za ta riƙa nema. Tunda ita za ta yi girkinta, ta rage mai da yaji shi ke nan. Ta taho da daddawarta ta kalwa da garin kuka mai kyau, ni har yau daga gida ake aiko mini. Doya da manja kuwa sai dai marmari, tsadarsu ta yi yawa.

Maman Walid:
Ban so in yi magana ba, amma na ga kowa yana ta lissafin ɗaki da tuwo, ba wanda ya tambayi ita matar. Ɗan'uwa, ni aka kawo daga Zariya a 2018, ina da goyo kamar matarka, kuma ni ma Hausa kawai nake ji. Maigidana direban babbar mota ne, in ya tafi Abeshe ko Mundu sai ya yi kwana goma. Ya kama mana gida a Waliya saboda sauƙin haya. Gida ne mai ɗaki shida, uku masu Larabci, biyu 'yan kudu masu Ngambai, sai ni. Mutanen kirki ne wallahi, ba wanda ya taɓa cuta ta. Amma ka san abin da ake nufi mutum ya wuni ya kwana bai yi magana da babba ba sai jariri? Suna zaune a tsakar gida suna shan shayi suna dariya, su ce mini "faddali", in zauna in yi ta murmushi kamar kurma, in sun yi dariya in rasa ko da ni ake. Wata takwas na yi a haka. Na rame har wuyan rigata yana zamowa.

Ranar da ba zan manta ba, Walid ya yi zazzaɓi da dare har yana sanƙarewa, ubansa yana hanya, wayarsa ba ta shiga. Maƙwabciyata ce ta goya shi muka fita neman abin hawa. A asibitin likita yana tambayata da Faransanci, ya koma Larabci, ni kuka kawai nake ina nuna kan yaron. Tun yaushe ya fara, me ya ci, an ba shi wani magani, duk na san amsar amma ba bakin faɗa. Aka rubuta magani, aka yi mini bayani da hannu. Na dawo gida ina ba shi sau uku abin da aka ce sau ɗaya. Kwana biyu yaro yana amai kafin wani Bahaushe mai sayar da goro ya karanta mini takardar. Allah ne ya raya mini shi.

Sai 2020, mahaifiyata ta kwanta ciwo, an rufe iyakoki saboda korona. Ta waya na ji rasuwarta, ta waya aka yi mini gaisuwa. Sai ruwan 2022 ya ci Waliya, gadona da kujeru da kwanukan da ta haɗa mini da hannunta duk suka tafi, muka kwana a bakin titi da yara uku. Yanzu ina jin Larabci, ina zuwa kasuwar Dembe ni kaɗai ina ciniki, har ƙawaye na yi. Amma abin da na biya kafin in kai nan, ba zan so wa wata ba. In za ka kawo ta, kawo ta gidan da akwai mace ko da ɗaya mai jin Hausa. In babu, bar ta kusa da uwarta.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Na karanta ina hawaye. Da na san ki a lokacin da na zo na ɗauke ki.

Ummu Sadik:
Amin. Irin wannan ce ta sami yayata, ita wata biyar ta yi ta ce a mai da ita Gombe, har auren ya so ya mutu. Maza ba sa ganewa, su suna fita shago suna hira da 'yan'uwansu.

Abba Mai Waya:
Allah ya jiƙan rai. Amma kowa da irin ƙaddararsa, bai kamata a tsorata bawan Allah ba. Shi ba direba ba ne, kullum zai kwana a gida.

Goni Ridina:
Ni a Marjandafak aka haife ni. Kakana ya taso daga Katsina da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a nan neman guzuri lokacin garin yana Fort Lami, bai ƙarasa ba sai bayan shekaru. Sai a 1973 aka sa masa Injamena. Hausawa ba baƙi ba ne a garin nan, muna da masallatai da malamai da mahauta da dillalai. Wanda ya je ya kama gida a tsallaken kogi don arha, ya bar 'yan'uwansa a cikin gari, shi ya jawo. Ku riƙa tambayar manya kafin ku kama gida.

Maman Walid:
Baba, da girmanka, ni aka tambaya kafin a kama gidan? Kuma kai da aka haifa a nan, ka tashi da Larabci a bakinka, ina ka san zafin baƙunta? Wanda ya taɓa tsayawa gaban likita ba baki shi ya kamata a saurara.

Goni Ridina:
'Yata ban ce laifinki ba ne. Da mazan nake.

Bello Garwa:
Ni dai a Garwa ta Kamaru da na kawo iyalina daga Yola ba mu sha wata wahala ba, cikin wata uku ta kama Fulatanci, haya ma 25,000 muke biya.

Ɗan Damagaram:
Malam Bello, ana maganar Chadi kana kawo mana Garwa. Matar Yola kuma ai da Fulatancinta ta zo, me ta kama?

Ummu Sadik:
Ba wanda ya taɓa maganar niƙabi. Tun watan Yuni na 2015, bayan bama-baman da aka tayar a garin nan, gwamnati ta hana rufe fuska. Gara ka gaya mata tun tana gida, kada sai ta zo shingen bincike a ce ta cire a gaban mutane. Hijabi da lafaya ba mai hana ta.

Abba Mai Waya:
Wannan ai tsohon zance ne, ni ina ganin masu sawa a unguwarmu.

Ummu Sadik:
Kana ganinsu a unguwa. Ka taɓa tsallaka gada da mace?

Ɗan Kusiri:
Baban Hanifa, ga wata dabara. Kama gida a Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken gada, ka riƙa tsallakowa aiki. Kamaru tana da makarantu ɓangaren Turanci, Hanifa za ta ci gaba ba sai an mai da ita baya ba. Yara da yawa daga Injamena ma can suke zuwa karatu kullum da safe. In a nan ne, ko faranko-arab (mai haɗa Faransanci da Larabci) ko ta Faransanci zalla, ajin farko za a sa ta tunda ba ta jin ko ɗaya. Haya ta fi sauƙi a can, kayan miya ma haka. Amma dokar niƙabi can ma an yi ta a 2015.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, wannan ne karo na farko da aka taɓo makaranta. Maman Walid, maganarki ta shige ni, daren jiya ban yi barci ba. Na koma gidan na Digel na tambaya, babu Bahaushiya a ciki, amma akwai wata Babarbariya da ta zauna a Maiduguri tana jin Hausa sosai. Ɗan Kusiri, mu teloli in sallah ta matso sai mu kai ƙarfe biyun dare a kan keke. Gadar tana kwana a buɗe?

Ɗan Kusiri:
A'a, ba ta kwana a buɗe. In dare ya yi maka sai ka kwana a shago.

Sani Direba:
Gadar Ngeli kuke magana? Ku bar ni da ita. Ni nake jigila daga Gamboru, Fotokol, Kusiri. Takardunka cikakku, katin rigakafi yana hannunka, amma kowane shinge sai an ce ka sauko. Wanda ya ji Faransanci ya yi magana biyu ya wuce, kai da ka ce "ban ji ba" kuɗinka ya ninka. Watan jiya wata tsohuwa na ɗauko za ta ga jikokinta, kafin mu iso kuɗin tsarabarta ya ƙare a hanya, tana kuka ta kwance bakin zani tana nuna musu ba saura. In za ka kawo iyali ka tanadi sefa 30,000 ta hanya kawai, ban da kuɗin mota.

Abba Mai Waya:
Haba Sani, 30,000? Ni 8,000 na kashe da na kawo tawa.

Sani Direba:
Shekara huɗu da suka wuce, kuma a motar wa? Direban da suka sani daban ne.

Ɗan Damagaram:
Ku naku da sauƙi. Ni sefar Nijar nake zuwa da ita, darajarsu ɗaya da ta nan, duka 655.957 ne a kan yuro ɗaya, amma ba mai karɓarta a kasuwa, tamu ta yamma ce tasu ta tsakiya. Sai ka kai wa ɗan canji ya cire nasa a kowace jika. Kuɗi ɗaya, suna ɗaya, a yanke ka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai 'yan canjin nan su ne ciwon. Da safe farashi daban, da la'asar daban, in sun ga kana sauri su ƙara. Na aika kuɗin kaya Kantin Kwari ranar Litinin, wanda ya aika Talata ya fi ni samun naira mai yawa a kan kuɗi ɗaya.

Goni Ridina:
Kada a yi wa 'yan canji kuɗin goro, ɗana yana cikinsu. Naira ce ba ta tsayawa wuri ɗaya, su ma asara suke yi.

Baban Hanifa:
'Yan'uwa saura kwana tara mai gidan ya ba wani. Akwai wanda ɗansa ya taso daga makarantar Turanci aka sa shi faranko-arab? Wata nawa ya yi kafin ya fara ganewa?

Sani Direba:
Baba Goni, asara? Tambayi ɗan naka nawa ya saya ranar Alhamis, nawa ya sayar mini ranar Juma'a bayan masallaci. Takardar tana aljihuna.