Wace kalma za mu ba "allergie" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa, a asibitocin Garwa da Marwa likita kan rubuta "allergie" da Faransanci a katin jariri, uwa ta dawo gida ta ce wa kaka wai gyada ce ba ta karɓe shi ba. Kaka ta ce to a rage masa. Alhali wannan ciwo ba ya jin ragi, ɗan lakuce ma yana iya tayar da shi. Muna bukatar kalmar da ta fi "bai karɓe shi ba" nauyi.

2/ Wasu na cewa alaji. Kunne Alhaji yake ji, kuma bai faɗa wa uwa komai ba.

3/ Wata yayarmu daga Njamena ta kawo "borin jini". Ta yi kusa, amma borin jini sunan tashin fata ne mai ƙaiƙayi, alama ɗaya cikin alamomi. Ina amai, kumburin leɓe da fatar ido, da sarƙewar numfashi mai iya kisa? Ni kuma ina tsoron kalmar bori ta kai wasu wajen masu iskoki a lokacin da allurar gaggawa ta adiranalin yaro yake bukata.

4/ Ni na tsaya a kan "boren jiki". Abin da ke faruwa ke nan: garkuwar jiki ta ɗauki abinci mai kyau a matsayin maƙiyi, ta yi masa bore. Kuma tana da daɗin juyawa a baki: boren gyada, boren ƙwai, boren madarar shanu, boren kifi, boren riɗi.

5/ Kada sunan ya sa mu hana yara gyada don tsoro. Binciken LEAP da aka yi a Landan kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko boren ƙwai, wanda ya fito a 2015, ya nuna fara ba su gyada da wuri ya rage boren gyada da kusan kashi 80 cikin 100. Nono zalla har wata 6, sannan kunun gyada mai laushi da ƙwai dafaffe sosai, kaɗan-kaɗan, sabon abu ɗaya a lokaci guda. Banda ƙwayar gyada, tana shaƙe yaro. Mai kirci mai tsanani a fara nuna wa likita.

6/ Iyayenmu mata da ma'aikatan jinya na Ngaundere da Kuseri, ku gwada "boren jiki" a wajen awon yara, ku faɗa mana ko uwaye sun gane ba sai an ƙara bayani ba.