Musayar Waƙa: Mai Champion da Mai Trigger

Baba Na-Sirdi
Salamu alaikum 'yan zaure. Makon nan mu karkata akala zuwa finafinan kaboyi na da a Amurka, waɗanda jarumi ke rataye da jita a kafaɗa, bindiga a ƙugu. Ni gwanina Gene Autry. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "ki". Bismillah.

Da sunan Allah nake farawa,
Ga wani gwani da zan yabawa,
Autry mai murya ta burgewa,
Ɗan Teksas, gwanin hawa na doki.

Bugun waya ya taso yana yi,
A tashar jirgi, dare da sanyi,
Jita a hannu tana ta juyi,
Kafin Shikago ta ba shi aiki.

Shi ba ya yin harbi na fari,
Ƙaramin mutum ba ya shan mari,
Ga tsoho da dabba ya zam tsari,
Ƙa'ida goma ya faɗa da baki.

Ƙa'idojin nan goma shi ya tsara wa yara masu sauraronsa. A 1934 ya fara leƙowa a fim ɗin Ken Maynard, a 1935 kamfanin Republic ya ba shi nasa na kansa, shi da dokinsa Champion.

Ɗan Autan Zazzau
Baba na gaishe ka, ranka ya daɗe,
Sai dai yabon nan naka ya gurɗe,
Rawanin sarauta Roy ya naɗe,
Kan Trigger, zinariyar dawaki.

Gwaninka ya yi yaji kan kuɗi,
Ya bar Republic da wofin sirdi,
Roy ya haye ya zuba musu daɗi,
Tun ranar bai sauka ba a mulki.

1938 nake nufi, Baba, lokacin da Autry ya yi rigimar albashi da Herbert Yates mai kamfanin, aka ɗauko Roy Rogers daga cikin mawaƙan Sons of the Pioneers aka ba shi gaba.

Baba Na-Sirdi
Yaro, tambayi sunan yanka,
Leonard Slye ne ainihin gwaninka,
Haifaffen birni, in gaya maka,
Kamfanin takalmi ya yi wa aiki.

Kujerar aro ya hau ya ɗana,
Autry ya dawo ya karɓi suna,
Sai da ya sa kaki, in na tuna,
Roy ya sami fili albarkar yaƙi.

Autry ya shiga sojan sama a 1942, ya tuƙa jiragen dakon kaya. Sarautar da kake wa kirari sai 1943 Republic ta naɗa ta, mai gida ba ya nan.

Malam Mai Ma'auni
Kafin a yi nisa, akwai gyara.

Ɗan Auta, baitinka na ɗingishi,
Ka haɗa sirdi da daɗi cikinshi,
Kunne ya ji ya kuma ƙi shi,
Koma ka gyara kafin biki.

"Kuɗi" da "daɗi" sun tafi tare, "sirdi" baƙo ne a tsakaninsu. Ɗangonka na farko kuma gaɓa 11 ne, alhali Baba ya aza harsashi a kan 10. Baba kuwa, Allah ya ƙara basira, baitin "dare da sanyi" ya zauna daram.

Gwaggon Zango
Malam, awonka yana da gefe,
Na Baba ya wuce, kai ka lafe,
"Yaƙi" da "doki" ka bar su a rufe,
Don Autry ne ke ranka a ciki.

Dale Evans fa, ba ku ambata,
Waƙar bankwana ita ta rubuta,
Wadda Roy ke rufe shiri da ita,
Kan Buttermilk take, ba ta raki.

Ita da Roy sun fara fitowa fim tare a 1944, suka yi aure a ƙarshen 1947, suka zauna har mutuwa ta raba. Ku ba ta haƙƙinta.

Malam Mai Ma'auni
Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki. "Ki" da "ƙi" duk daga hanɗa suke fita, kusancinsu ya sa kunne ke haƙuri da su a ƙarshen baiti. Ban ɗauki ɓangaren kowa ba.

Gwaggon Zango
To "di" da "ɗi" fa, Malam? Su ma duk daga hanƙa suke fita. In an yafe wa dattijo a yafe wa yaro. Kuma ƙirga ɗangon Baba na uku, "Autry mai murya ta burgewa", gaɓa 9 ne. Wannan ma ba ka gani ba?

Malam Mai Ma'auni
Ba a auna kari da ƙirgen gaɓa kaɗai, ana duba nauyinsu. Doguwa ɗaya tana iya zama a gurbin gajeru biyu, duk wanda ya karanta aruli ya san wannan.

Ɗan Autan Zazzau
Amma ni da ƙirge aka kama ni ɗazu, Malam.

Malam Mai Ma'auni
Naka ƙari ne, nasa ragi ne, hukuncinsu ba ɗaya ba.

Gwaggon Zango
Hukuncinsu ɗaya ne in alƙali ɗaya ne. Ka kawo mana ƙafafun baitin Baba ɗaya bayan ɗaya mu gani, ka faɗi sunan karin.

Jikan Makiyayi
Ku bar faɗan "ki" da "ƙi" ku saurara,
Wane makiyayi ne ba ƙura?
Riga da ado, hula fara,
An yi dambe ba datti a jiki.

Waƙar asali ta tsakar dare,
Mai gadi na zagaye a tsare,
Don shanu su kwanta wuri ɗaya tare,
Ba don tafi ba, ba don biki.

Ni da Baba da Yaya Ɗan Auta duka nake. Kaboyin gaskiya su ne waɗanda suka riƙa kora garke daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas tun 1867, watanni suna hanya, suna haɗiyar ƙurar kofato. In dare ya yi mai gadi yakan zagaya garken a kan doki sannu-sannu, yana rerawa ƙasa-ƙasa don kada wani motsi ya firgita shanu su ɓarke da gudu. Haka kakana yake yi wa nasa magana in hadari ya haɗu, yana bi yana dafa tozonsu. Gwanayenku kuwa sai a gama fim ba ka ga saniya goma ba.

Baba Na-Sirdi
Jikana, zancenka na kan hanya,
Amma ka tuna da halin duniya,
Fari ya cinye gona da rijiya,
Banki ya zo ya ƙwace ɗaki.

Mugun mai kwat ne, takarda a hannu,
Ya tare ruwa ya kashe shanu,
Sai ga mai jita tafe a sannu,
Ya tara gari a karɓo haƙƙi.

Malam, na san "ƙi" ce, da gangan na bar ta. Jikana, ka tambayi kanka wa ke shiga silima ran Asabar a ƙananan garuruwan Amurka a shekarun 1930. Manoma ne da 'ya'yansu, mutanen da tattalin arziki ya karye a kansu tun 1929, iska kuma ta kwashe ƙasar gonakinsu a Oklahoma da Kansas da Teksas. Ba tarihin kiwo suka zo koya ba, sun fi mu saninsa. Shi ya sa yawancin finafinan Autry a zamaninsu aka aza su, ka ga doki ga mota, ga wayar tarho, ga gidan rediyo. Abokin gabar sau da yawa mai cinye filaye ne ko mai kamfani, irin wanda suka sani a zahiri. Awa ɗaya mutum ya zauna ya ga an kayar da mai ƙarfi, an yi waƙa, ɗan barkwanci Smiley Burnette ya ba shi dariya, ya koma gida da sauƙin zuciya. Ni wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina, kuma ba zan yarda a raina shi don farar hula ba.

Ɗan Autan Zazzau
Allahu akbar, Baba ya sallama,
Da bakinsa ya ba Roy girma,
Labarin ruwan nan, ku duba ma,
Fim ɗin gwanina ne na farko a mulki.

Under Western Stars ke nan, na 1938! Roy ya tafi majalisa don a sakar wa makiyaya ruwan da kamfani ya riƙe, waƙar ƙurar da ke ciki har ta shiga takarar Oscar. Batun birni kuma, a gona ya girma a Duck Run ta Ohayo, can ya koyi hawa.

Baba Na-Sirdi
Don Autry aka rubuta labarin, ɗana. Rigar wani ya sa.

Gwaggon Zango
Ta yi masa daidai kuwa, Yaya. Ɗan Auta, ci gaba, ina bayanka.

Malam Mai Ma'auni
Ɗangon ƙarshe ya yi tsawo har yana jan ƙasa, amma ukun farko sun yi kyau fiye da abin da na saba gani a wurinsa. Shi ya sa nake tambaya:

John Wayne ya taɓa yin mawaƙi,
Baki nasa, murya ta wani saƙi,
Ɗan Auta, faɗa mana ba tare da ƙi,
Gwaggo ce ke ba ka a ɗaki?

A 1933 aka yi wannan, a Riders of Destiny, wani ne ya rera Wayne yana motsa leɓe.

Gwaggon Zango
Subhanallahi Malam, "wani saƙi" kuma mene ne? Ka cusa kalma don amsa-amo ya fita, kai mai awon mutane! Kuma ban taɓa rubuta wa yaron nan ko ɗango ɗaya ba, ka janye.

Ɗan Autan Zazzau
Malam, muryata tawa ce tsaf,
Ba na aro, ba na yin laf,
Ma'auninka ne ya karye ɗaf,
Nemi maƙeri ya yi ma aiki.

Malam Mai Ma'auni
Na janye batun Gwaggo, a yi haƙuri. Batun "sirdi" yana nan.

Na-Damagaram
Ku gafarce ni, sai yau na samu shiga, na tarar an yi nisa. Amsata ga Jikan Makiyayi ce. Cikin masu korar garken nan da ka ambata akwai baƙar fata da 'yan Meziko masu yawa, amma Holiwud ta shafe su. Mutum ɗaya ya ƙi yarda.

Ƙanena, ka taɓo inda ke ciwo,
Baƙaƙe da yawa sun yi kiwo,
Fim ya rufe su kamar ba su zo,
Sai Herb Jeffries ya ɗaure doki.

Ya ce yaranmu su ga irinsu,
Da hula da jita a gabansu,
A gidajen kallo da aka ware su,
Su ma su yi tafi su yi ɗoki.

Harlem on the Prairie a 1937, The Bronze Buckaroo a 1939, da 'yan kuɗi kaɗan aka yi su, 'yan wasan kuma baƙaƙe. Daga baya ya yi waƙa da ƙungiyar Duke Ellington, ya rasu a 2014 yana da shekara 100. Baba, in don talaka ake yabon Autry, wannan ma a sa shi a sahu. Malam, na san "zo" ba ta bi "kiwo" ba, ka bar ni da ita.

Jikan Makiyayi
Wannan na karɓa hannu biyu, Yaya. Su biyun can dai har yanzu ban ga shanunsu ba.

Baba Na-Sirdi
Na sa shi a sahu, Na-Damagaram, ya cancanta. Ɗan Auta kuwa, saura ɗaya:

Trigger ya mutu, ba a binne ba,
Aka cusa fatar, ba a ji kunya ba,
Aka kai gwanjo, ba ka faɗa ba,
Haka sarki ke saka wa doki?

Ya mutu a 1965, aka tsayar da shi a gidan tarihi, a 2010 aka sayar da shi sama da dala 266,000.

Ɗan Autan Zazzau
Roy ya rasu tun 1998, Baba, shekara ɗaya da gwaninka, gwanjon ba da hannunsa aka yi ba.

Ƙauna ce ta hana shi rabuwa,
Doki guda ne har tsufa da mutuwa,
Champion nawa aka yi ta sauyawa?
Ƙirgo su, Baba, ina nan a zaure da kaki.

Malam Mai Ma'auni
Ɗango na biyu da na huɗu duk sun zarce. Kakin me kuma?

Gwaggon Zango
Malam, har yanzu muna jiran ƙafafun baitin Baba da sunan karin.