Taƙaitawa: Gyaran takardun tsofaffin sojojin Amurka da lambar yabonsu ta yaƙi ba ta fito ba

Jama'a, ga abin da na tsinta daga bayanan da mutane suka yi ta yi a tattaunawa kan yadda tsohon soja ko iyalansa za su gyara takardunsa idan lambar yabonsa ba ta fito a ciki ba.

1. Kowa ya yarda a fara neman fayil ɗin aiki da fom SF-180 daga cibiyar adana takardun sojoji da ke Sent Luwis. Gobarar da ta tashi a cibiyar a 1973 ta cinye fayiloli da yawa na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960, don haka iyalan waɗannan su nemi rahotannin rundunarsu.

2. Idan lambar ba ta cikin takardar sallama DD-214, a cike fom DD-149 a aika wa hukumar gyaran bayanai ta rundunar. Wa'adin shekara 3 ne daga ranar da aka gano kuskuren, amma hukumar na iya ɗaga ƙafa.

3. Hujja ita ce komai. Mai neman Purple Heart, wato lambar yabon da ake bai wa sojan da aka ji wa rauni a yaƙi, ya kawo takardar asibiti da ta nuna abokan gaba ne suka ji masa rauni, da rubutacciyar shaidar waɗanda suka ga abin da idonsu. Wannan ya fi damuna, domin shaidun tsufa suke yi.

4. An rabu kan lauya. Wasu sun ce a ɗauka, mafi yawa sun ce ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su VFW da DAV suna taimakawa kyauta.